Ambaliyar Carlisle ta 2015: Yadda Muka Bi Inshora, Mai Gidan Haya da Hukumar Gari

Tun da 'yan uwanmu suka fara yawa a arewacin Ingila, masu aikin jinya da ɗalibai da masu kula da tsofaffi, kusan duk hunturu sai wani ya kira ni hankali a tashe: an turo masa saƙon gargaɗin ambaliya, ko iska ta ɗaye rufin gidan da yake haya, ina zai dosa? Sun san mun taɓa shiga ciki. Ni da mijina da yaranmu biyu muna haya a Carlisle, a wani layi kusa da titin Warwick, lokacin da guguwar da aka sa wa suna Desmond ta afka wa yankin Cumbria a watan Disambar 2015. Maimakon in yi ta maimaitawa a waya, ga shi nan a jere yadda muka bi. Ruwan kansa bai daɗe a gidan ba, amma takardunsa sun ci mana watanni, kuma a kan takardun ne ɗan haya yake tsira da wani abu ko ya tashi a tutar babu.

Wanda bai daɗe da zuwa ba ya sani cewa hunturun nan ba irin namu ba ne na hazo da busasshen sanyi. A nan shi ne lokacin ruwa da iska, ga dare da wuri, a Disamba ana kiran magariba tun kafin ƙarfe huɗu. Carlisle kuma gari ne da koguna uku suka haɗu a cikinsa, Eden da Caldew da Petteril. An yi mummunar ambaliya a Janairun 2005, bayan nan aka kashe kusan fam miliyan 38 wajen gina katangu da shingayen tare ruwa. Da za mu kama gidan, ejan ya nuna mana katangar yana cewa wancan zance ya wuce. Wata abokiyar aikina ce a asibiti, haifaffiyar garin, ta ce kada in kuskura in kwana a wannan unguwa ba tare da abu biyu ba: inshorar kayan cikin gida da sunana, da rajistar lambar wayata a tsarin gargaɗin ambaliya na Hukumar Kula da Muhalli, wanda kyauta ne. Na yi duka biyun don kada ta ga na raina maganarta. Inshorar ma kuɗinta a wata bai kai na cefanen kwana ɗaya ba.

Ruwan ya tsinke tun daren Juma'a, 4 ga wata, bai ɗauke ba har Asabar ta wuce. Iska kuwa tana jijjiga tagogi, tana kwasar kwandunan shara tana watsarwa a titi. Hukumar hasashen yanayi, Met Office, ta sa jan gargaɗi, wanda shi ne mafi tsanani a wajensu. Daga baya aka ce a mashigar tsaunin Honister an auna milimita 341.4 na ruwa cikin awa 24, adadin da ba a taɓa aunawa ba a Birtaniya; wato kusan rabin abin da Katsina ke samu a damina guda, a yini da dare ɗaya. Gargaɗin ambaliya hawa uku ne, kuma ya kamata kowa ya san bambancinsu. Na farko yana nufin mai yiwuwa ne, ka shirya. Na biyu yana nufin ana sa ran ruwan, ka fara kwashe kaya yanzu. Na uku yana nufin rai na cikin haɗari. Da na biyu ya shigo wayata ranar Asabar, Abban yara ya ɗauki mota ya kai ta wata unguwa a kan tudu ya dawo a ƙasa, ni kuma na fara hawa da kaya sama. Alƙur'anai da littattafai na fara ɗauka, sai jakar takardu: fasfo, katin izinin zama, takardun haihuwar yara, yarjejeniyar haya, takardar inshora, shaidar karatuna ta gida da ta nan. Na zuba su a leda mai zif biyu. Kafin mu taɓa kujera ko ɗaya, Abban yara ya zagaya falo da kicin da waya yana ɗaukar bidiyo, yana buɗe durowa da firiji da kabad. A lokacin haushi na ji, na ce, "Abban yara, ana ta kai wa yake ta hoto?" Ya ce in bar shi. Wannan bidiyon na minti kaɗan shi ya fi yi mana amfani a duk abin da muka yi a ranar.

Da dare 'yan sanda suka ƙwanƙwasa ƙofa suka ce mu fita. Muka kashe wuta daga babban makunni, muka rufe gas da ruwan famfo, muka ɗauki magungunan yara da caja da barguna. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya da yara ke kira Kaka, ta ce ita ta ga ta 2005, a sama za ta zauna. Washegari a kwale-kwale aka fito da ita ta taga, domin kafin gari ya waye ruwa ya haura katangar ya cika titin Warwick, ya shanye filin ƙwallon Brunton Park, motoci sai rufinsu ake gani. Sojoji da masu aikin ceto na ruwa da na tsauni su suka yi ta jigilar mutane ranar Lahadi. Gidaje da shaguna sama da dubu biyu ruwa ya shiga a garin kaɗai. Mu mun kwana a wani zaure da hukumar gari ta buɗe, aka ba mu shayi da tabarmar kwanciya. A bakin ƙofa akwai tebur inda ake rubuta suna da adireshi da yawan mutanen gida. Wasu sun wuce ba su tsaya ba saboda gajiya da sanyi. Ka tsaya ka rubuta. Daga wannan rajista aka riƙa neman mutane daga baya. Da asuba Inna ta kira daga Katsina, ta ji labarin a rediyo, murya na rawa. Na ce, "Inna, lafiyarmu ƙalau, kaya ne kawai." Ta ce, "To barka da arziki, Allah ya mayar da alheri." Sai bayan na kashe wayar na yi kukan da ban samu sukunin yi ba tun jiya.

Ranar Litinin na fara kiran waya, kuma a nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Inshorar gida iri biyu ce. Akwai ta gini, wadda ke kan mai gidan: bango, daɓe, wayoyin wuta, tukunyar ɗumama gida, kabad ɗin kicin da aka kafe. Akwai ta kayan ciki, wadda ke kan wanda yake zaune a gidan: kujeru, talabijin, tufafi, tukwane, kayan yara. Inshorar mai gidan ba ta biyan ɗan haya ko cokali. Wani ɗan uwa ɗan Ghana da ke layinmu ya sakankance cewa tunda mai gidansa ya ce gidan na da inshora, shi ke nan. Bai samu komai ba sai abin da aka ba shi na agaji. Motarsa ma ta nutse, kuma inshorar da ya yi mata irin mai arha ce wadda ke biyan wanda ka buge kawai, don haka ita ma ta tafi.

Layin kamfanin inshorar a cike yake, na daɗe ina sauraron kiɗan jira kafin a ɗauka. Da aka ɗauka suka nemi lambar takardar inshora da ranar da ruwan ya shiga, suka ba ni lambar da'awa. Na sami littafin rubutu na makarantar yara na rubuta lambar a bango, daga nan duk wanda na yi magana da shi sai na rubuta rana da lokaci da sunansa da abin da ya ce. Na yi tambaya uku da nake ba kowa shawara ya yi a kiran farko: nawa ne kason da zan fara biya daga aljihuna kafin su biya sauran, shin za su biya kuɗin masaukin wucin gadi, kuma za su biya kuɗin sabon kaya ne ko kuɗin tsohon da aka rage masa daraja. Amsar ta uku ta fi kowace nauyi, don tsakanin biyun akwai tazara mai yawa. Tamu ta sabon kaya ce, amma ban da tufafi da zannuwan gado, su ana rage musu kuɗin tsufa. Na kuma roƙi a ba mu wani abu na gaggawa kafin a gama lissafi. Ba su tallata wannan, sai ka tambaya, amma sun turo, da shi muka sayi kayan sawa da takalman yara.

Da aka ba mu izinin leƙa gidan, abin da ya fara tarbarmu wari ne. Ruwan ambaliya ba ruwan kogi ba ne kaɗai, haɗe yake da na masai da man mota, don haka duk abin da ya jiƙa ya zama najasa, kuma yana sa ciwo. Sai da dogon takalmin roba da safar hannu. Shatin ruwan a bango ya kai ƙirjina, firiji ya kife a tsakiyar kicin, buhun shinkafa ya kumbura ya fashe, garin tuwo da kuka da daddawar da Inna ta aiko duk sun zama laka. Zuciya tana cewa ka kwashe komai ka zubar ka huta. Kada ka zubar da komai sai ka ɗauki hotonsa, har da lambar da ke bayan na'ura, kuma ka ɗauki hoton shatin ruwan da ma'auni a jikinsa. Kafet ɗin da muka shimfiɗa da kuɗinmu mun yanki ƙyalle daga jikinsa muka ajiye a leda, sauran muka fitar. Hukumar gari ta ajiye manyan kwandunan ƙarfe a layi, ana kwashewa kyauta. Titin gaba ɗaya ya cika da kujeru da katifu da bishiyoyin Kirsimeti na maƙwabta. Akwai wasu takardun Abban yara da suka rage a durowar ƙasa suka jiƙe; wata mata mai aikin sa kai ta ce kada mu ɓamɓare su, mu sa a leda mu jefa a injin daskarewa na wani, sanyin yana hana su yin funfuna har a samu lokacin busar da su a hankali. Mun yi hakan kuma yawancinsu sun karantu.

Mai kimanta asara ya zo bayan an ɗan jima, saboda gidaje sun yi musu yawa. Mutum ne mai fara'a, amma ka riƙe a ranka cewa kamfanin inshora ne ya turo shi kuma shi ke biyansa. Ya ba mu fom na jera kaya ɗaya bayan ɗaya: mene ne, yaushe aka saya, nawa, nawa sabonsa yake yanzu. Wannan jeri ya fi kwashe laka wahala. Rasiɗai da yawa sun tafi da ruwa, sai muka koma bayanan banki da saƙonnin imel na sayayya, da bidiyon nan. Inda muka yi ja-in-ja shi ne kayan gida: atamfofi da leshi da shaddoji da ke cikin akwatin ƙarƙashin matakala, da turarukan wuta, da tukunyar tuwo. Shi a idonsa yadi yadi ne, ya sa musu kuɗin da ba zai sayi ɗankwali ba. Na nemo shagunan da ke sayar da irinsu a Landan da Manchester ta intanet, na buga farashin, na haɗa da hotunan biki inda nake sanye da su. Aka gyara lissafin, ko da yake bai kai yadda na so ba. Abin da za ka sani shi ne tayin farko ba dole ne ka karɓa ba. Ka rubuta ƙorafi ga kamfanin, idan mako takwas ya wuce ba su warware ba, ko amsarsu ta ƙarshe ba ta gamsar da kai ba, kana da damar kai ƙara wajen hukumar sasanta rikicin harkokin kuɗi, Financial Ombudsman Service, kuma kyauta ne. Mu ba mu kai can ba. Ambaton sunanta a wasiƙa ma ya sa an riƙa amsa mana da wuri. Gwal kuma, mata ku ji: yawancin takardun inshora suna da iyakar abin da suke biya a kan abu guda mai tsada, sai in an rubuta shi daban tun farko. Nawa yana jakar da na fita da ita.

Sai batun mai gidan. Ejan ya fara cewa mu ci gaba da biyan haya tunda yarjejeniya ba ta ƙare ba, alhali gidan ba wuta, ba ɗumi, ba daɓe. Na ɗauki yarjejeniyar na je ofishin Citizens Advice, masu ba da shawara kyauta. Matar da ta karɓe ni ta bi takardar da yatsa har ta kai wani sakin layi da ni ban taɓa lura da shi ba, wanda ya ce idan gidan ya zama ba ya zaunuwa saboda abin da inshorar mai gidan ta ƙunsa, haya tana tsayawa. Ba kowace yarjejeniya ke da wannan ba, shi ya sa ta gargaɗe ni cewa mutum kada ya daina biya da ra'ayin kansa, sai an rubuta an amince, in ba haka ba bashi ne yake taruwa a kansa. Muka rubuta wasiƙa tare, aka dakatar da hayar daga ranar da ruwa ya shiga. Samun wani gidan kuwa sai da muka sha wuya, domin dubban mutane ne suke nema lokaci guda. Mun zauna a otal, ɗaki ɗaya da yara biyu ba wurin girki, sannan muka samu wani ƙaramin gida a wajen gari. Inshorarmu ta ɗauki otal ɗin zuwa iyakar da aka rubuta, kuma duk rasiɗin abinci da na mota na ajiye.

Hukumar gari ita ma ruwa ya ci hawan ƙasa na babban ofishinta, sai a wurin wucin gadi suke karɓar mutane. Gwamnati ta ware fam 500 ga kowane gidan da ruwa ya shiga, kuma wannan na wanda yake zaune a gidan ne, ba na mai ginin ba. An nemi shaidar adireshi da lambar harajin gida da bayanin asusun banki. An kuma ɗage mana harajin gida na tsawon lokacin da ba ma ciki, amma na tabbatar da an rubuta, na kuma sanar da su sabon adireshin don kada takarda ta je gidan da ba kowa. A lokacin akwai wani tallafin har zuwa fam 5,000 na ƙarfafa gida, kamar ƙofar tare ruwa da ɗaga soket sama. Wannan mai gidan ne yake nema, mu namu tuni ne. Ban da na gwamnati, gidauniyar Cumbria Community Foundation ta buɗe asusun agaji da ya tara sama da fam miliyan 10, kuma waɗanda ba su da inshora su suka fi dogara da shi. Mu muna da izinin zama na dindindin a lokacin, don haka ba mu da fargaba. Wanda bizarsa ta ce ba shi da damar cin kuɗin gwamnati, ya tambayi masanin dokar shige da fice kafin ya sa hannu a kowane fom, don wasu tallafin suna cikin jerin da aka hana, wasu ba sa ciki, kuma dokar tana canzawa. Kada tsoro ya sa ka bar haƙƙinka, kada kuma ka karɓa a makance.

Ba zan manta da matasan musulmi da suka riƙa zuwa da motoci daga garuruwan Lancashire da Yorkshire ba, da abinci mai zafi da tsintsiya da bokiti, suna kwashe laka a gidan kowa ba tambayar addini. Kaka ta ce rabonta da cin shinkafa mai yaji irin wannan tun tana budurwa, tana ci tana share hawaye, ban sani ba ko na yajin ne.

Watan bai bar mu mun huta ba. Guguwar Eva ta zo dab da Kirsimeti, ranar 26 ga wata ruwa ya ci York da Leeds da wasu garuruwan Lancashire, sannan Frank ta biyo a ƙarshen wata. Duk dare da aka yi iska ƙaramar 'yata sai ta tashi ta tambaya ko ruwa ya zo. Ni ma na daɗe ina duba ma'aunin kogin Eden a waya kafin in kwanta. Na faɗa wa likitanmu da malamar ajinta, kuma sun taimaka. Ba abin kunya ba ne a nan, kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Gyaran gidan ya fi komai jan lokaci, kuma ɗan haya ba shi da ta cewa a ciki. Sai da suka ɓamɓare filasta zuwa sama da inda ruwan ya tsaya, suka cire katakon daɓe, suka jera injinan tsotse danshi da fankoki suna aiki dare da rana. Ba a fara gini sai an auna bango an ba da takardar shaidar bushewa. Idan mitar wuta da sunanka take, ka ɗauki hoton lambarta ranar da ka fita, ka sanar da kamfanin wuta, domin injinan nan suna shan wuta sosai kuma ba kai ya kamata ka biya ba. Mun ga lissafin da ya zo, hoton mitar ne ya raba gardama. Har bazara ta shigo gidan bai gamu ba, sai muka yanke shawarar ba za mu koma ba. Muka rubuta wa ejan, aka rufe yarjejeniyar, kuɗin ajiyarmu ya dawo cif daga asusun da doka ta ce a riƙa ajiye shi, tunda ɓarnar ruwa ba laifin ɗan haya ba ce.

Da muka zo sabunta inshora, tambayar farko ita ce ko ruwa ya taɓa cin mu, kuma dole ka faɗi gaskiya, in ka ɓoye za su iya ƙin biya gaba ɗaya ranar da ka fi buƙata. Sa'ar da aka yi, a Afrilun 2016 aka fara wani tsari mai suna Flood Re, haɗin gwiwar gwamnati da kamfanonin inshora, wanda ya sa gidajen da ke yankin ambaliya suke samun inshora da kuɗin da za a iya biya, kason aljihu na ambaliya kuma fam 250. Ba kai ne kake zuwa wajensu ba, kamfanin ne yake shigar da kai, don haka ka tambaya ko suna cikin tsarin. Gidajen da aka gina daga 2009 zuwa yau ba sa ciki.

Gidan da muke ciki yanzu, kafin mu sa hannu na shiga shafin gwamnati na duba haɗarin ambaliya, na sa lambar unguwar, na ga taswirar da idona. Minti biyu ne kuma kyauta. Na tambayi ejan a rubuce ko ruwa ya taɓa shiga, na karanta sakin layin dakatar da haya kafin komai. Idan gargaɗi ya shigo kana son jin halin da kogin unguwarku yake ciki, lambar Floodline, layin bayanin ambaliya, ita ce 0345 988 1188. Idan iska ta katse wuta ko ka ga waya a ƙasa, kada ka matsa kusa, ka kira 105, kyauta ne a Ingila da Wales da Scotland. Idan ruwa ya riga ya tare ƙofa, ka kira lambar gaggawa, 999.